Leƙen Duniya: Katin Mutuwa Da 'Yan Duban Turai

A wannan mako za mu leƙa Turai, inda 'yan duba ba su buga ƙasa, sai dai su baza karta. Sunanta Tarot, kati 78 gare ta, an kuwa ƙago ta a Italiya cikin ƙarni na 15 domin wasa kurum. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya ce wai asirin Masar ta dā ke cikinta, ba tare da hujja ba.

Katin da ya fi firgita mutane shi ne na 13, watau Mutuwa. A bugun Landan na 1909 an zana ƙwarangwal bisa farin doki, ga sarki kwance a ƙasa. 'Yan duba sukan fassara shi da ƙarewar wani al'amari da somawar wani, kamar aure, aiki ko ƙaura.

To, wane ne ba shi da abin da ke ƙarewa a rayuwarsa? A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa bayani iri ɗaya, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, galibinsu kuwa suka ce ya dace da halinsu. Haka katin yake, mai tambaya ke cika masa ma'ana daga damuwarsa.

Abin tsoro shi ne magidanci ya saki matarsa ko ya bar aikinsa saboda zanen takarda. Wanda al'amari ya shige wa duhu, ya nemi shawarar manya, ya auna da hankalinsa. Sanin gaibu sai Allah.