Darasin Inabin Amurka Ga Manoman Shinkafar Lafagu

Tun 1892 wani masani, Newton Pierce, ya bayyana wata cuta da ke kashe itacen inabi a Kalifoniya ta Amurka. Ƙwayar bakteriya ce mai toshe jijiyoyin ruwa, har ganye ya ƙone. A 2000 masanan Brazil suka karanta dukan rubutun gadon wannan ƙwaya, a 2019 kuwa Jami'ar Kalifoniya ta Davis ta fitar da iri biyar na inabi masu jure mata. Ƙarfin nan kuwa daga inabin daji aka samo shi.

Mai karatu zai ce, ina ruwanmu da inabi? To, ai shinkafarmu ta fadamun Kwara, daga Lafagu da Bagudo har Illo da bakin iyakar Benin, tana da irin wannan abokin gaba. Cutar ƙunar ganye ita ma ta bakteriya ce, jijiyoyin ruwa take toshewa. Ganye kan fara rawaya daga gefe, sa'an nan ya bushe kamar tattaka. Ambaliya da ruwan sama mai iska su ke yaɗa ta, yawan takin yuriya kuma yana ƙara mata ƙarfi. Ruwa kuwa bai san iyakar ƙasa ba.

Abin lura shi ne, a 1995 a wannan jami'a ta Davis aka ware ƙwayar gado mai suna Xa21, wadda ke kare shinkafa daga nau'o'i da yawa na cutar. Asalinta shinkafar daji ce da aka ɗebo daga ƙasar Mali, irin wadda manomi ke tugewa a matsayin ciyawa. Ashe abin da muka raina, shi wasu suka ɗauka suka yi rajistar mallakarsa.

Ba mu ce a bar ciyawa ta cinye gona ba. Amma lalle ya kamata hukuma ta keɓe wasu bakin fadamu, cibiyar bincike ta Badeggi kuma ta tattara irinmu na gargajiya da na daji ta adana da sunan garuruwan da suka fito. Kada kuma a raba sabon iri sai an gwada shi a kan ƙwayoyin cutar ƙasarmu, gama na Afirka sun bambanta da na Asiya.

Malaman makaranta, ku nuna wa yara alamun cutar a gonar makaranta, ku umurce su su sanar da malamin gona. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.