FILIN MOTA DA HANYA: Idan allurar zafi ta yi ƙarya

Hausawa sun ce: ido, wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Haka allurar da ke nuna zafin ruwan inji take a gaban direba, kullum tana jikin tablo, kullum ana raina ta.

Duk wanda ya san hanyar Tawa zuwa Tamaske, ta wuce Keita da Buza har Madawa, ya san ƙasar Adar ba ta raga wa mota. Ga hawan duwatsu, ga ƙura, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga kuma lodin albasa da na fasinja. Duk da haka, in ka leƙa tasha ranar kasuwar Tamaske, za ka iske Hiace da Hilux da tsofaffin 504 waɗanda allurarsu ta daɗe da kwanciya. In ka yi magana, a ce maka ai mota na tafiya.

Inji mai lafiya yana aiki ne tsakanin digiri 80 zuwa 95. Mai kai labarin wannan zafi ga allura wani ɗan ƙarfe ne da aka ɗaure a kan inji, kusa da termosta, wanda masu gareji ke kira sond. Kansa na cikin ruwa, kuma gwargwadon zafin ruwan, gwargwadon wutar da yake bari ta wuce. Saboda haka, in allura ta rikice, a wuri uku ake neman laifi: sond, ko waya, ko agogon kansa.

Kafin a taɓa kome, a bar inji ya huce sarai, sannan a buɗe radiyater a duba ruwa. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, domin idan ruwa ya tsiyaye har sond ya zauna a bushe, allura na iya nuna lafiya alhali inji na toyewa. Kada kuwa a kuskura a buɗe marufi da zafi. Ruwan da ke matse a ciki yana iya kai digiri 120, ya sale wa mutum fuska.

In ruwa na nan, allura kuma ba ta motsi, sai a duba fizibil. Daga nan, a tsohuwar mota mai sond na waya ɗaya, a murɗa kontak, a cire wayar, a taɓa ta a jikin inji na ɗan ƙiftawar ido. Idan allura ta tashi sama, agogo da waya lafiya suke, sond ne ya mutu. Idan ta ƙi tashi, waya ta tsinke ko agogo ya lalace. Wannan gwaji bai dace da sababbin motoci ba, domin sond ɗinsu da kwamfutar inji yake magana, sai a kai wa mai na'urar bincike.

Idan kuwa da sanyin safiya allura ta haye ja daga murɗa kontak, galibi waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Wadda ke tashi da zarar an kunna fitilu, mas ne ya saki ko ya yi tsatsa. Wadda ba ta wuce ƙasa ko an yi doguwar tafiya, a tambaya ko wani makaniki bai cire termosta ba. Wannan ɗabi'a ta yawaita a garejinmu, kuma tana sa inji shan mai da saurin tsufa.

Ya ɗan kasuwa, kuɗin sond bai taka kara ya karya ba in an gwada da na kulas da ya lanƙwashe, balle albasar da za ta kwana a daji cikin matacciyar mota. Ya ma'aikacin gwamnati, motar aiki dukiyar talakawa ce, kada ka sa hannu a takardar tafiya alhali allurarta a mace take.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.