Kafin ka sayi buhu, fara sayen tiya ɗaya

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, abu biyu ke haɗuwa a nan ƙasar Arewa: ana buɗe lakwal, sabon hatsi kuma yana shigowa kasuwa. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Dankasari zuwa Tibiri, amalanke na sauke buhuna, kuɗin tiya ya faɗi, kowa kuma ya shiga ba ɗan'uwansa shawarar da aka saba: saya yanzu ka ajiye kafin bazara. Shawarar gaskiya ce, amma rabinta ake faɗa. Ragowar rabin da kuɗina na koye shi, shi ya sa nake son mu yi magana, mu malamai da iyayen yaranmu, kafin a ɗinke bakin buhunan bana.

Wata shekara na tara abin da na tara, na nufi wurin wani ɗan kasuwa da ya san ni na san shi, yaransa biyu ma ta ajina suka bi. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo shayi. "Mushe, kai ai ba sai an auna maka ba," in ji shi, ya nuna mini buhu shida ɗinkakku. Kunya ta hana ni cewa a kwance. Sai a watan Janairu, da uwargida ta buɗe na biyu, ta kira ni: "Malam, zo ka ga abin da ka sayo mana." Sama hatsi ne tas, daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa ƙaiƙayi da rairayi. Da ta auna da tiyarta ta gida, bai cika arba'in ba. Ban koma na yi faɗa ba, don mai yiwuwa shi ma haka aka ɗinko masa. Amma hatsin da na yi lissafin zai kai mu ƙarshen Agusta, a Yuli ya ƙare, daidai lokacin da tiya ta fi tsada.

Mai sayen tiya ɗaya kullum, idan aka cuce shi yau, gobe sai ya sauya wuri. Mai sayen shekara sau ɗaya yake yanke shawara, ya ci sakamakonta wata goma. Mu yi lissafi irin na aji. Tiyar hatsi tana kai kilo biyu da rabi, ko kusa da haka, shi ya sa ake cewa tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. A ce tiyar da aka auna maka ta gaza da giram 200, abin da ido ba ya kamawa. A buhu ɗaya ka yi asarar kilo 8, wato fiye da tiya uku. A buhu shida, kilo 48: kusan rabin buhu ka biya ba ka ɗauka ba. Ma'aikatan noma na Nijar, idan suna lissafin abin da ƙasa ke buƙata, suna ɗaukar kilo 231 na hatsi ga mutum ɗaya a shekara. Gida mai mutum takwas ke nan yana neman fiye da buhu 18. Wanda ke sayen ko da rabin wannan daga kasuwa, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa ko tiyar cikakkiya ce.

A Faransa da Amurka akwai sana'a guda da aka gina a kan wannan damuwa. Kamfani yakan ɗauki mutum ya shiga kantinsa kamar kowane mai saye, ya tambayi farashi, ya duba kaya, ya saya, ya biya, ya fita ba wanda ya gane shi, sannan ya rubuta abin da ya gani. Littafin Michelin, da ke ba gidajen abinci taurari tun 1926, haka masu bincikensa ke yi: su ci, su biya, su tafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya san ana kallonsa yakan gyara zama. Mu malamai mun fi kowa sanin wannan, tunda mun san yadda aji ke zama ranar da aka ce sufeto na tafe. A nan gida muna da ma'aikatan SIMA, masu bin kasuwanni suna ɗaukar farashin hatsi kowane mako, kuma aikinsu yana da amfani. Sai dai farashin kasuwa gaba ɗaya suke faɗa mana. Tiyar wane da hatsin wance, wannan sai mu da kanmu.

Matsalar mushe a kasuwa ita ce an san shi. Wani ya yi masa awo har da tozo saboda girmamawa, wani ya ƙara masa kuɗi saboda mai albashi ne, wani ya daɗaɗa masa baki har ya kasa dubawa, kamar yadda aka yi mini. Ko ta wace hanya, abin da ya gani a kasuwa ba shi ne abin da sauran mutane ke samu ba. Saboda haka da kaka ta zagayo, mu malamai huɗu muka roƙi wata gwaggon abokin aikinmu, wadda ta zo daga ƙauye ba a san fuskarta a gari ba. Muka ba ta kuɗi da leda biyar. Ranar kasuwa ta sayo tiya ɗaya-ɗaya daga wuri biyar, ta yi ciniki yadda ta saba, ta ƙulla wa kowace leda zare mai launi daban don kada ta rikice. Da yamma muka ɗauko sikelin lakwal, wannan da ke kulle a kabad ba a fito da shi sai ranar darasin awo. Muka auna, aka sheƙe kowanne, muka sake aunawa. Wanda ya fi araha a baki shi ya fi tsada a kilo. Wata tsohuwa da ta ƙi ragin ko dala, hatsinta ya fi kowanne nauyi da tsabta, kuma ta hannunta muka kai ga manoman garinsu. A gabanmu aka auna kowane buhu kafin a ɗinke.

Bayan awo, sai bushewa. Sabon hatsi ko masara da ba su gama bushewa ba sun fi nauyi a sikeli, a ɗaki kuma su yi fumfuna. Tauna ƙwaya: idan ta fashe ƙaras, ta bushe. Idan kana shakka, zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin a busasshiyar kwalba, rufe, girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. Gishirin ya manne a jikin kwalba, to da sauran danshi, a mayar rana.

Kayan kanti ma suna son irin wannan ido, don ba duka ne ke jure ajiya ba. Sabulu yana ƙara tauri idan ya daɗe, har ya fi jinkirin narkewa, saboda haka katan ɗinsa riba ne. Sukari, kanwa, ashana, kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir da barkono duk suna kai wata da watanni idan ba danshi. Gishiri yana daɗewa, amma sinadarin aidin da ke cikinsa, wanda ke kare yara daga maƙoƙo, yana raguwa idan aka bar shi a buɗe cikin zafi da laima. Man girki kuwa ba abin tarawa ba ne sosai: jarkar da ta wuni a rana ƙofar kanti ta riga ta fara lalacewa. Gari niƙaƙƙe ba ya kai ƙwaya kwana. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, a bar shi ko kyauta ne. Mu da ke maƙwabtaka da jihar Kebbi, kaya da yawa daga Najeriya suke zuwa mana, rubutunsu da Turancin Ingilishi, kuma sau da yawa kwanan wata biyu ne a jiki, na yi da na ƙarewar aiki. Na sha ganin an karanta na farko a matsayin na biyu, ko an sayi katan na madara a rahusa saura wata ɗaya ta lalace. Sayi ɗaya tukuna, kai gida, ɗan aji shida ya karanta maka, a duba ko akwai lambar NAFDAC, sannan a koma ɗauko katan.

Wake shi ne ya fi ba ni tsoro. Ƙwari na cinye shi cikin 'yan watanni, saboda haka wasu ke zuba masa maganin ƙwari da ba a yi don abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan magani a jikinsa. Su suna da ɗakunan gwaji, mu hanci kawai gare mu. Waken da ke warin magani, ko wanda ya kwana wata shida a buhun da iska ke shiga amma ba ƙwaro ko ɗaya, ya cancanci tambaya. Mafita kuma tana nan kusa: buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun 2007 tare da masu bincike irin na INRAN. Idan aka ɗaure kowane ruɓi da kyau, ƙwarin na mutuwa don rashin iska, ba tare da ɗigon magani ba. Saye da kaka daga hannun manomi, a zuba a wannan buhu a gida, ya fi sayen tsohon wake a Mayu.

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai leƙen asiri ne, zargin mutane ne, bai dace da malami ba. Ban yarda ba. Gwaggo ba ta yi wa kowa ƙarya ba. Ta tambaya, ta saya, ta biya. Abin da aka auna mata shi ake auna wa kowace mace da ta zo da kwanonta, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye mudu, balle a ce duba awo baƙon abu ne a wurinmu. Inda abin zai zama laifi shi ne a ɗauki awo ɗaya na rana ɗaya a shiga da sunan mutum WhatsApp. Kwano yakan loɓe ba da gangan ba, yaron shago yakan yi gaggawa. A maimaita gwajin wani mako. Idan abin ya tabbata, a sami mutumin a keɓe, in ya ƙi ji a kai wa shugabannin kasuwa. Kuma kada a aiki ɗalibai wannan aiki. Su auna a aji, ledoji ba suna, su yi lissafin kuɗin kilo, darasin awo ne da ba za su manta ba. Shiga tsakanin manya a kasuwa kuwa ba nasu ba ne.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan nauyi, kuma kanmu yake. Wa ke sayar da hatsi da araha a Oktoba? Uban ɗalibinka ne, da ke neman kuɗin littafi da takalmi, ko mai biyan bashin da ya ci da damina. Shi ne kuma zai dawo a Yuli ya sayi irin hatsin da tsada. Inda ake da tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, shi ake yanka sau biyu. Mai albashin da ya matse shi da kaka har ya sayar a wulaƙance, ko ya tara abin da ya fi ƙarfin gidansa yana jiran tsada, ya shiga sahun waɗanda yake kuka da su. Mun ga abin da tsada ke yi. A 2005, bayan fari da fara na 2004, hatsi na nan a kasuwa amma talaka ya kasa saye. Bayan 26 ga Yuli 2023, da CEDEAO ta sa takunkumi aka rufe iyakokin Najeriya da Benin, shinkafa da mai da sukari suka tashi, takunkumin kuma bai ɗaga ba sai Fabrairun 2024. Waɗannan shekaru su suka koya mana tanadi. Ni dai a ganina iyakarsa cin gida: ƙirga bakunan da kake ciyarwa, ƙara ɗan na baƙo, ka tsaya nan. Hatsin rahusa da OPVN ke sayarwa idan rumbuna sun yi ƙasa, wanda ya cika ɗakinsa da kaka ya bar wa wanda bai samu ba.

Shi ya sa nake ganin sikelin nan bai kamata ya tsaya ga malamai ba. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye mata za su iya ajiye tiya ɗaya da aka auna aka yi wa alama, duk mai son gwada abin da ya sayo, ko abin da zai sayar, ya zo ya gwada. Manomin da ya san nauyin buhunsa kafin ya kai kasuwa ba a yi masa babbar tiya cikin sauƙi. Lakwal ɗin da ake dafa wa yara abinci kuwa, wajibi ne ma: duk buhun da aka kawo a buɗe ɗaya daga tsakiyar tari, ba wanda mai kawowa ya nuna ba, a gaban uwa ɗaya da uba ɗaya.

Saura maganar kuɗi, don Oktoba wata ne da aljihu ke rami, musamman ga malaman kwantiragi. Nan ma mata sun riga mu. Tsarin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar CARE ta fara a Maradi a 1991, zubi ne na mako-mako da rance a tsakanin juna, ba abin da ya hana malaman lakwal ɗaya su yi adashin da kwasarsa za ta faɗo Nuwamba. Manoma kuma suna da warantaji, jinginar hatsi: a ajiye buhu a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya ɗaya a hannun asusun rance, a karɓi kuɗin biyan buƙata, a fanshi hatsin bayan ya yi daraja. Inda ake yin sa, uba ba ya rabuwa da abincin Yuli don littafin Oktoba.

Bana mu tara ne a adashin, har da iyaye uku. Gwaggo ta ce an fara gane ta a kasuwa, don haka ƙanin matar darakta ne zai je, da tsohon kekensa da leda biyar.