Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Masu Manyan Kantuna Kan Yoyon Gas a Firji



Ina rubuto muku ne, ku masu manyan kantunan zamani da ɗakunan sanyi a Kano da Kaduna da Abuja da sauran biranenmu, a kan wani kuɗi da kuke kashewa duk shekara har kun ɗauke shi tilas kamar kuɗin dizal, wato kuɗin ƙara wa firji gas.

Kun san yadda ake yi. Firizar kifi ta daina ƙanƙara, manaja ya kira mai gyara, ya iso da silinda a bayan babur, ya jona ma'auni ya ce, "Alhaji, gas ya yi ƙasa." A ƙara, a biya, sanyi ya dawo, kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan watanni a sake kiransa. Amma inji ba ya cin wannan gas. Zagaye kawai yake yi cikin rufaffen bututu, ya ɗebo zafi daga cikin firji ya kai waje ya dawo. Duk ranar da ya ragu, akwai kafar da ya bi ya fita, kuma ƙari ba tare da toshe ta ba ɗiban ruwa ne da kwando.

Asarar ba ta tsaya a kuɗin silinda ba. Kwamfireso mai ƙarancin gas ba ya hutawa, sai ya yi ta aiki yana shan wuta da dizal. Kuma da yake gas ɗin da ke komowa shi ke sanyaya masa jiki, a ƙarshe sai ya ƙone. Kafin nan kaji da kifi da yogot sun sha narkewa suna sake daskarewa, kuma mu ne muke saye mu kai wa iyalanmu.

Sai abin da ido ba ya gani. Gas ɗin R-404A, wanda ya fi yawa a firizojin kantuna, kilo ɗaya nasa idan ya shiga sararin sama yana riƙe zafi daidai da kilo 3,922 na iskar kabon. Ke nan kilo 10 da suka sulale a bayan kanti sun kai kusan tan 39. Tsohon R-22 kuwa, ban da ɗumama duniya, yana cin rufin ozon da ke kare mu daga muguwar rana. Mu da hamada ke matsowa gonakinmu, bai kamata a ce ba ruwanmu da wannan lissafi ba. A Amurka, hukumar kare muhalli ta ƙiyasta cewa babban kanti na zubar da kusan kashi 25 cikin ɗari na gas ɗinsa a shekara. A 2007 ta fito da shirin GreenChill, kuma kantunan da suka shiga sun rage yoyon zuwa kusan rabin haka. Mafi yawan aikin sa ido ne da gyara da wuri.

Ku shiga ɗakin injinku da kanku, kada ku aika kowa. Ku bi bututun jan ƙarfe da ido. Gas yana tafiya ne tare da ɗan man kwamfireso, saboda haka inda yake yoyo za ku ga wuri ya yi maiƙo, ƙura ta manne ta yi baƙi. Ku dubi mahaɗar da aka ɗaure da noti, da bakin da ake jona ma'auni, wanda sau da yawa murfinsa ya ɓata tun tuni ba wanda ya mayar, da inda bututu ke gogar ƙarfe saboda girgizar inji. Ruwan sabulu kaɗai zai tona da yawa daga ciki, kumfa zai taso a wurin. Ƙanana kuwa sai na'urar gano yoyo ta hannu, wadda kuɗinta bai kai na kayan firiza ɗaya da suka lalace ba. Ƙurar hunturu ma tana da nata laifi: tana toshe kwandensa, sai zafin bazara ya iso ya tarar da ita a toshe, matsin gas ya hau, duk wata raunanar walda ta buɗe. Wanke kwandensa kafin watan Maris ba ya buƙatar injiniya daga Legas.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kuke biyan masu gyara. Kuna biyansu a kan kilon da suka zuba, ba ku biyan awannin da za su ɓata suna neman kafa. Wanda ya nemo ta ya toshe ya rufe wa kansa ƙofar ciniki. Ba na ganin laifinsu, tsarin ne ya karkace. Ku yi yarjejeniyar shekara da ƙwararre, ɗan ƙungiyar masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ta NARAP ko makamancinsa, ladansa ya ƙaru idan gas ɗin da aka saya ya ragu. Ku kuma ajiye littafi ga kowane inji: ranar ƙari, kilo nawa, a ina aka sami yoyon, wa ya gyara. A Tarayyar Turai doka ce, ana duba manyan injina duk wata shida ko wata uku gwargwadon yawan gas ɗinsu. Idan za a yi babban gyara, a kwashe gas ɗin da na'ura a zuba a silinda, a daina yanke bututu ana sakinsa a iska.

Ko ba don muhalli ba, kasuwa za ta tilasta muku. Najeriya ta amince da gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Montreal ta kare rufin ozon, a Kigali a 2016. A ƙarƙashinsa, ƙasashe irin tamu sun tsayar da ƙaruwar gas dangin R-404A daga 2024, za su rage kashi 10 a 2029, har zuwa kashi 80 a 2045. R-22 kuma zai kusan ɓacewa nan da 2030. Abin da ya yi ƙaranci tsada yake yi, jabu kuma ya cika kasuwa.

Saboda haka wanda zai buɗe sabon reshe kada ya karɓi tsofaffin injinan da Turai ta yar don arha. Firji mai cin gashin kansa da ke aiki da R-290 gas kaɗan yake ɗauka, an rufe shi tun daga masana'anta, ba dogon bututun da zai yi yoyo. Sai dai yana kama wuta, don haka kada wanda bai sami horo ba ya taɓa shi. Ku tura yaranku masu gyara su sami wannan horo da kuɗinku, ku kuma tuntuɓi Ofishin Ozon na Ƙasa da ke Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin ku yi odar inji na gaba.