Siririyar Kwamfuta, Ƙatuwar Asara

Duk wanda ya tara kuɗinsa ya sayi siririyar laftof ɗin nan mai tsada, wadda ake ɗagawa da yatsu biyu ana nuna wa abokai, ya sani an sayar masa da abin da ba a son ya gyara. Tun kafin a ƙera ta aka zauna aka yanke cewa kyan gani ne gaba, ƙarko ya biyo baya in ya samu wuri. Abin da ya kamata a ɗaure da sukuru aka manne shi da gam, abin da ya kamata a iya zarewa a sauya aka liƙe shi da dalma, sannan aka ninka farashi aka ce ci gaba ne. Raina a ɓace yake a kan wannan lamari, kuma ban ga dalilin sassauta harshe ba.

Rawar ta fara ne a watan Janairun 2008, ranar da Steve Jobs ya tsaya gaban jama'a a San Faransisko ya zaro MacBook Air daga cikin ambulan na ofis, aka yi ta tafi. A 2011 kamfanin Intel ya fito da tsarin da ya kira Ultrabook, don sauran masu ƙera kwamfuta su bi sahu. Daga nan kowa ya shiga tseren rage kauri. Zuwa 2012 Apple ya fitar da MacBook Pro wadda ram ɗinta liƙe yake a jikin bod, batirinta kuma manne da gam. Wato ram ɗin da ka saya ranar farko shi za ka zauna da shi har ta mutu. Ba ƙari, ba sauyi.

Inda abin ya kai maƙura shi ne kibod. A 2015 Apple ya kawo wani sabon salon madannai da ya yi wa laƙabi da malam-buɗe-littafi, wanda nutsewar kowane harafi ba ta kai milimita ɗaya ba, duk don a samu rage ɗan kauri. A 2016 aka saka shi a MacBook Pro. Ba a daɗe ba masu saye suka fara kuka: ka danna harafi ya ƙi fita, ka danna wani ya fito sau biyu, dogon madannin tazara ya maƙale. Me ke jawo haka? Ƙwayar ƙura ko ɓurɓushin abinci da ya shige ƙarƙashin harafin. Shawarar da kamfanin ya rubuta wa mutane ita ce su karkata kwamfutar zuwa digiri 75 su fesa mata iskar gwangwani. In hakan bai yi ba, ba a cire harafi ɗaya a gyara cikin sauƙi, sai a sauya dukan saman kwamfutar har da batirin da ke manne a jikinsa, aikin da a lokacin kan kai kusan dala 700 ga wanda garantinsa ya ƙare. Sai a Yunin 2018 kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta, sai a Maris 2019 ya ba da haƙuri, yana mai cewa 'yan tsiraru ne abin ya shafa. A ƙarshen 2019 ya fara komawa tsohon salon madannai, ya kammala a 2020. Shekara biyar cur ana sayar wa mutane abin da ƙura ke kashewa.

To, in ƙurar ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a Kalifoniya ta isa ta kashe harafi, ina ga Zuba? Duk wanda ya san garin nan ya san nan ne mahaɗar hanyoyin Kaduna da Lakwaja da cikin Abuja. Tireloli da tankoki ba sa yankewa dare da rana, tasha cike, motocin lemo da ayaba da kankana na sauke kaya a kasuwa, hayaƙi da ƙura suna tashi tun asuba. In hunturu ya shigo, ka goge tebur da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kai da yatsa. Ga zafi. Apple da kansa ya rubuta cewa a yi amfani da laftof ɗinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, alhali a watan Maris da Afrilu ma'aunin zafi a yankin nan yakan haura haka, balle a shago mai rufin kwano. Siririyar kwamfuta ba ta da sararin da iska za ta zaga, fankarta 'yar mitsitsiya ce, wasu ma babu fankar sam. Idan ta ɗau zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ka ga injin da ka biya kuɗin gudunsa yana jan ƙafa. Batiri kuma zafi ne babban maƙiyinsa. Ƙara da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, da janareta mai hawa da sauka, ka gane cewa wanda ya zana wannan kaya bai taɓa yin tunaninmu ba ko sau ɗaya.

Kwanakin baya na raka 'yar yayata wurin wani mai gyara a nan Zuba. Ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, mahaifinta ya ƙuntata wa kansa ya saya mata irin siririyar nan, tokumbo, daga wani shago a cikin gari. Ta daina kunnuwa ana saura makonni ta miƙa aikin bincikenta. Mai gyaran ya juya ta, ya shafa bayanta da tafin hannu, ya nuna min yadda marfin ya ɗan tasa a tsakiya.

"Kawu, ka ga nan? Batiri ne ya kumbura," in ji shi.

Ya nemo wani ɗan ƙaramin sukudireba mai baki kamar tauraro, ya kwance marfin. Batirin ya yi suntum, fankar ta toshe da wata jar ƙura da ta dunƙule. Ya sa mita ya auna nan, ya auna can, ya yi shiru.

"Batirin mai sauƙi ne. Bod ɗin ne ya tafi."

Yarinyar ta ce, "To Malam, a ciro min aikina kawai, kwamfutar ta jira."

Ya girgiza kai. "Hajiya, da irin ta da ce, yanzu zan zare ma'adanar in sa a wata, minti biyar kin samu kayanki. Wannan a jikin bod aka liƙe ta. In bod bai tashi ba, sai haƙuri."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wata baƙar kwamfuta mai kauri, gefenta duk ya goge. Ya ce ta fi shekara goma, da ita yake aiki kullum. Ya sauya mata batiri, ya ƙara mata ram, ya sa mata sabuwar ma'adana, kuma ko kibod ɗinta ya lalace akwai shi a kasuwa da arha. Yarinyar tana share hawaye, ni kuwa ina tsaye ina cizon yatsa. Mai shagon da ya sayar da ita, da aka kira shi, cewa ya yi garantin mako biyu ya bayar, kuma ya wuce.

Kada wani ya ɗauka matsalar ta tsaya ga madannai. MacBook Pro ta 2016 tana da wata siririyar waya da ke haɗa sikirin da bod, wadda ke lanƙwasawa duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe marfi, har ta tsinke. Da yake an haɗe ta da sikirin ɗin, ba a sauya ta ita kaɗai. Masu binciken gyara na iFixit sun lissafa cewa wayar dala 6 ta zama aikin dala 600, sun kuma gano cewa a samfurin 2018 an ƙara mata tsawon milimita biyu shiru-shiru. A 2017 su dai iFixit suka ba Surface Laptop ta Microsoft sifili cikin goma a sauƙin gyara, domin ba a buɗe ta sai an yayyaga ta. A shekarar kuma mujallar Consumer Reports ta janye shawarar sayen kwamfutocin Surface, bisa ƙiyasin cewa kashi 25 cikin ɗari za su ba da matsala kafin su cika shekara biyu, ko da yake Microsoft ya musanta. A 2022 Dell ya fitar da XPS 13 Plus da ramuka biyu kacal, ko na sa abin sauraro a kunne babu. Ka sayi kwamfutar miliyoyi, sannan ka koma sayen adafta don ka sa filas. Duk kanwar ja ce.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda aka raba asarar. A Yulin 2022 Apple ya amince ya biya dala miliyan 50 don kashe ƙarar da aka kai shi a kan kibod ɗin nan, ba tare da ya amsa laifi ba. A yarjejeniyar, wanda aka sauya wa kibod fiye da sau ɗaya zai iya karɓar har dala 395. Su wa? Waɗanda suka saya a Amurka. Shirin gyara kyautar kuma shekara huɗu ne daga ranar da aka fara sayar da kwamfutar, ya riga ya ƙare. Su can sun karɓi diyya, sun sayi sababbi, tsofaffin kuma da yawansu sun shiga kwantena. Ka je Computer Village a Ikeja, ko Banex a Wuse, ko titin Beirut a Kano, za ka ga irinsu jere a gilashi, an goge suna ƙyalli. Malamin makaranta daga Gwagwalada, ko mai shagon buga takardu daga Madalla, ko ɗalibi daga Suleja, shi zai kwashe kuɗin adashensa ya saya, bai san tarihinta ba, ba shi da kotun da zai je, ba shi da lauyan da zai tsaya masa.

Kuma da wane kuɗi? Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Duk wani sikirin ko bod da za a sauya da dala ake shigo da shi. Baturen da laftof ɗinsa ta mutu ya yi tsaki ya sayi wata a ƙarshen wata. Namu kuwa jarinsa ne ya mutu, wani ma bashi ne bai gama biya ba.

Na san abin da masu kare kamfanonin za su ce: ram da aka liƙe ya fi sauri, ya fi tsimin batiri, kuma mutane ne ke son mara nauyi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wane sauri ne ya wajabta a manne batiri da gam, alhali kowa ya san batiri abu ne mai ƙarewa? Wace fasaha ce ta hana a sa ma'adana mai zaruwa? Su da kansu sun ƙaryata hujjar. A 2021 Apple ya fitar da MacBook Pro da ta fi ta baya kauri, ya mayar da wasu daga cikin ramukan da ya cire a 2016, aka yi ta yabo, aka yi ta saye. Microsoft ya koma yin Surface da ake iya buɗewa. Wani ƙaramin kamfani mai suna Framework ya fito a 2021 da laftof siririya daidai gwargwado, wadda kusan komai nata ake sauyawa da sukudireba guda, har suna haɗo maka shi a cikin kwali. Ashe dai ana iyawa. Da ba a ga dama ba ne.

Mu ma muna da namu laifin, kuma dole a faɗa. Mun mayar da laftof kayan ado. Mutum aikinsa bai wuce buga wasiƙa da lissafin shago ba, amma sai ya nace sai mai tambarin da za a gani daga nesa, don a ce wane ya waye. Ya tsallake ThinkPad ko Latitude ko EliteBook na ofis, irin waɗanda kowane mai gyara daga Zuba zuwa Dei-Dei ya san cikinsu kuma kayan gyaransu na nan birjik, ya ɗauki wadda in ta yi tari sai an aika Legas. Masu sayarwa kuma sun san samfuran da ke da ciwo, sun san shekarunsu, amma ba za su faɗa maka ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da damar mayarwa idan aibin ya bayyana. Wanda ya san kibod ɗin nan na mutuwa ya sayar wa ɗalibi bai ce uffan ba, ya ci haram, ko da rasit ɗinsa na da hatimi goma.

Hukumomi fa? Faransa a Janairun 2021 ta wajabta a liƙa wa laftof da waya maki daga sifili zuwa goma da ke nuna sauƙin gyaransu, mai saye ya gani kafin ya biya. Mu muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, hedikwatarta kuma a nan Abuja take, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Zuba. Dokar ta ba mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci da mayar da mai aibi. Ina roƙon hukumar ta shiga kasuwannin kwamfuta, ta sa a riƙa rubuta shekarar ƙira da lafiyar batiri a kan rasit, ta kuma hana garantin baka na mako biyu a kan kayan miliyan. Ma'aikatu da makarantun gwamnati da ke sayen laftof da kuɗin jama'a su ma su daina karɓar wadda ba a sauya mata batiri da ma'adana.

Kai kuma mai karatu, in za ka saya, tafi da mai gyaranka. A buɗe bayanta a gabanka. Tambayi shekarar da aka ƙera ta, ka ga ko batiri na fita, ko ma'adana na zaruwa, ko ana ƙara ram, ka kuma ji nawa ne sikirin ɗinta in ya fashe. A rubuta maka garanti a takarda, da suna da kwanan wata. Aikinka kuma ka riƙa kwafe shi a filas ko wani wuri daban kowane mako. Idan mai shago ya ce wannan ba a buɗe ta, mayar da kuɗinka aljihu ka shiga shago na gaba.