Matasan Arlit na buƙatar zauren intanet da ba na aro ba

Tun da kamfanin Cominak ya rufe mahaƙar yuraniyom ta Akokan ranar 31 ga Maris, 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, aka kuma bar wa yankin tarin sharar ma'adinai da ta kai kusan tan miliyan 20. Batun lafiya, ruwan sha da haƙƙin tsofaffin ma'aikata ya shafi kowa, daga Arlit har makiyayan Gougaram da 'yan yankin da ke Yamai, Aljeriya da Faransa.

Amma galibin wannan muhawara tana gudana ne a Facebook da WhatsApp, inda kamfani guda ke iya rufe shafi ba tare da shawartar kowa ba. Gwamnati ma tana iya toshe dandali ɗaya, kamar yadda Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kayan aro ba ya rufe katara.

Dandamali irin su Mastodon da Lemmy suna aiki ne da tsarin ActivityPub, wanda aka amince da shi a 2018. Kowace ƙungiya na iya kafa uwar garkenta, wato kwamfutar da ke riƙe da zaurenta, sannan ta haɗu da sauran, kamar yadda mai layin Airtel ke kiran mai Zamani.

A Lemmy, ana rubuta adireshin zaure haka: !zaure@uwargarke. Wanda ya danna shi zai ga zauren daga inda ya yi rajista, ya kuma yi sharhi. Idan kuwa aka tura masa adireshin shafin kai tsaye, zai tsinci kansa baƙo a gidan da ba shi da asusu. Wannan ɗan bambanci ne ke sa ɗan Arlit da ke Marseille ya shiga magana ko ya juya.

Tsarin ba ya maganin komai. Lokacin da aka katse intanet ɗin wayoyin salula a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021, babu dandalin da zai tsira. Uwar garke kuma tana buƙatar kuɗi, da masu tace ƙarya da ɓatanci da Hausa da Tamashek.

Duk da haka, ya kamata ƙungiyoyin farar hula da ɗaliban yankin su kafa zaure ɗaya, su yaɗa adireshinsa. Bayanan da suka shafi lafiyar jama'ar Arlit sun cancanci ma'ajiyar da makullinta ke hannun 'yan garin.