Zuwa Ga Matuƙan Jiragen Feshi: Ku Taka Gonar Kafin Ku Bi Ta Kanta



Ni malamin gona ne, ban taɓa tuƙa jirgi ba. Mu ne masu bin tsuntsaye jan-baki da yamma har mu gano makwancinsu a cikin kacalar fadamar Haɗeja, mu kafa alama, mu jira ku. Sai dai mai tsaye a ƙasa yana ganin abin da na sama bai gani, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Jirgin fasinja da ya tashi ya yi sallama da ƙasa. Naku kuwa nan yake yini, 'yan mitoci bisa kan shuka, da gudun kusan kilomita 200 a awa, wato sama da mita 50 kowace daƙiƙa. Wanda ya hango waya tana mita 100 a gabansa, ko daƙiƙa biyu ba su rage masa ba. Kuma waya ba ta cika ganuwa ba, balle rana ta yi yamma tana dukan ido, ko hazo ya sauko. Ku nemi falwaya. Inda kuka ga turke biyu, ko gidan da aka kafa wa injin ban ruwa, ku ƙaddara akwai waya a tsakani. Manyan layuka irin wanda ya tashi daga Birnin Kebbi ya nufi Yamai suna da wata siririyar waya a can ƙololuwa, sama da masu kaurin da ido ke kamawa. Ita ce ke tare wanda ya ɗauka ya tsallake. Ga kuma dogayen ƙarafan sabis da suka cika karkara tun daga 2001, wasu an ɗaure su da igiyoyin ƙarfe da suka miƙe nesa da gindinsu. Tsohuwar taswira ba ta san da su ba.

Na taɓa ganin wani matuƙi, gwani na gaske, ya yi ta tsallake wata waya a gefen shinkafa, zuwa da dawowa, ba kuskure. Da ya gama sai ya juyo ya share bakin gonar ta wata fuska. Muka ji ƙara kamar an tsinke tsirkiya, tartsatsi ya tashi, jirgin ya yi tangal-tangal. Allah ya yi da sauran kwana, ya sauka da guntun waya a naɗe a ƙafar jirgin. Ya zauna a inuwar fiffike hannunsa na rawa, ya kasa buɗe gorar ruwa. Ya san da wayar sarai. Gajiya ce ta ɗauke ta daga ransa.

Ba a nan kaɗai ba ne. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta bi diddigin haɗurran jiragen aikin gona 78 na shekarar 2013, kuma gajiya da karo da abin da ke tsaye da sakacin gyara suna cikin abubuwan da ta fi nunawa. Can ma kenan, inda kayan aiki suka wadata.

Zafin ƙasarmu yana rage wa inji da fiffike ƙarfi. Lodin da ya tashi lafiya da asuba ba lalle ya tashi da azahar ba. Ku rage. In jirgi ya ƙi ɗagawa, ku zubar da maganin, a biya wani. A juyin ƙarshen gona kuma kada ku matse kwana don ceton daƙiƙa biyar.

Feshin jan-baki ya fi kowanne haɗari, don sai almuru tsuntsayen ke komawa makwanci. Haske na janyewa, dubbansu na tashi a gabanku, suna fashewa a gilashi suna toshe mashigar iska. Maganin da ake fesa musu, fenthion, guba ne mai shiga ta fata. Yana sa gumi da jiri, yana tsuke ƙwayar ido, a daidai lokacin da kuke neman kowane ɗigon haske. In kun ji haka, ba zazzaɓi ba ne, ku sauka. Ku bar wa masu safar hannu da takunkumi haɗa magani, kuma ku riƙa gwajin jini.

Na san matsin da kuke sha. Manomi na kuka an cinye masa gero, babban jami'i ya zo da 'yan jarida, kowa na cewa yau ɗin nan. Ni ma na sha faɗin haka, ina kuma jin kunyarsa. In duhu ya kawo jiki, ku ce sai gobe; tsuntsayen nan za su dawo.

Roƙona ɗaya: ku zo da safe, in ɗauke ku a babur mu zaga wurin. Akwai yaron da ke yini kan rumfa yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsu. Ya san kowace giginya, ya kuma san wayar da aka ja wa mai injin niƙa makon jiya. Ku tambaye shi.

Wassalam,
Wani malamin gona daga kwarin Haɗeja